Darasin da sarƙar agogon mahaifina ta koya mini

A watan Yuli da ya gabata na je Matazu duba gonar da muka gada. Ina cikin taya yara sauke buhunan taki sai na ji hannuna ya yi sakayau. Agogon da nake ɗaurawa kullum ya faɗa cikin kunya, sarƙarsa ta rabu biyu. Agogo ne ƙirar Seiko 5, irin wanda kamfanin Seiko na Japan ya fara fitarwa a 1963, wanda ba ya bukatar batir, motsin hannu ne ke ba shi wani. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sayo shi a Makka, ya yi shekaru yana duba lokacin salla da shi kafin ya zama nawa. Sarƙar da ta tsinke kuwa ba ta asali ba ce, wata ce mai ƙyalli da na saya da araha a bakin wata tasha, ko shekara ba ta cika ba.

Da na dawo gari, kusan duk abokan aikina shawara ɗaya suka ba ni: in jefa shi a akwati in sayi sabo, ko in riƙa duba lokaci a waya. Wannan shawara ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ina ganin mu da ake kira 'yan boko mun koyi raina gyara, mun ɗauka zubar da abu shi ne wayewa.

Na kai agogon wurin wani dattijo mai gyaran agogo a Funtuwa. Ya juya sarƙar, ya kankare ta da wuƙa, sai ga jan ƙarfe ya bayyana a ƙasan ƙyallin. Ya ce: "Malam, ai wannan fenti ka saya." Na ce: "Baba, to yaya ake gane ta ƙwarai?" Abin da ya koya mini a rabin sa'a ya cancanci a rubuta shi.

Na farko shi ne awo. Tazarar da ke tsakanin kunnuwan agogo, inda sarƙa ke shiga, da milimita ake auna ta, kuma yawancin agogunan maza 18 ne ko 20 ko 22. Idan sarƙar ta gaza da milimita ɗaya za ta riƙa wasa har ta cinye 'yan fil ɗin da ke riƙe da ita, kuma waɗannan fil masu sifirin su ne ke fara karyewa, don haka a canza su tare da sarƙar. Na biyu, gaɓoɓi. Akwai waɗanda aka naɗe da falle-fallen ƙarfe, cikinsu fanko, su ne masu kama gashin hannu suna saki da wuri. Akwai kuma waɗanda aka yanka daga curin ƙarfe, masu nauyi a tafin hannu. Na uku, makulli: a buɗe a rufe sau da yawa, in bai kama da ƙarfi ba a ajiye shi. Na huɗu, a bar sarari kaɗan tsakanin sarƙa da fata, domin hannu kan kumbura a zafin bazara.

Sai batun ƙarfen kansa. Ƙarfe mara tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Shefil na Ingila a 1913, sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Nau'in da masu agogon kirki ke amfani da shi ana kiransa 316L, yana jure gishirin gumi. Ga wanda ke yini a gona ko a kan babur tsakanin Malumfashi da Kankiya, gumi da taki da ƙurar hunturu duk suna aiki a kan sarƙarsa. Mai fenti takan ɓare, ta bar kore a wuyan hannu, wani lokaci har da ƙaiƙayi saboda sinadarin nikel. Tun 1994 Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan nikel da abin da ke taɓa fata zai iya fitarwa. Mu kuwa mai saye ne kaɗai ke kare kansa.

Za a ce mini sarƙa mai kyau ta kusa kuɗin sabon agogon kasuwa, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Na yarda. To amma araha ba ta ado. Wanda ya sayi mai fenti sau uku ya biya kuɗin ta ƙwarai, kuma yana iya rasa agogon ma gaba ɗaya, kamar yadda na kusa rasa nawa a cikin kunya.

Abin da ya fi damuna shi ne teburin dattijon nan babu yaro ko ɗaya da ke koyo. A jiharmu aka kafa masana'antar murza ƙarfe ta Katsina a farkon shekarun 1980, ga kuma Ajakuta da aka fara ginawa a 1979 aka yi ta zuba mata kuɗi. Mun iya dogon turanci a kan waɗannan manyan ayyuka, amma mun ƙi kai wa ƙaramin mai sana'a aikin da zai riƙe shi, balle ya samu magaji. Al'ummar da ba ta girmama mai gyaran agogo da wuya ta iya riƙe masana'anta.

Saboda haka ina kira ga mai karatu, kafin ka zubar da agogonka ko na mahaifinka, ka kai shi wurin masu gyara, ka biya su haƙƙinsu ba tare da taya wulaƙanci ba. Ƙananan hukumominmu kuma su sanya wannan sana'a cikin shirye-shiryen koya wa matasa aikin hannu. Nawa dai yana hannuna da sabuwar sarƙa mai milimita 18, kuma ina fatan ɗana zai ɗaura shi bayana. Allah Ya sa mu dace.