Dawowar Eriksen Ba Labarin Al'ajabi Ba Ne

Watan Janairun 2022 ya zo wa shafukan wasanni da irin labaran da editoci kan tura ƙasan shafi don mai karatu ya yi murmushi, sai dai a wannan karon su ne suka hau kanu. Ranar 12 ga watan, a garin Limbe na ƙasar Kamaru, alƙalin wasa Janny Sikazwe ɗan Zambiya ya busa tashi a minti na 85 a karawar Mali da Tunisiya ta gasar cin kofin nahiyar Afirka. Da aka ankarar da shi ya mayar da wasa, can kuma ya sake busa tashi minti 90 bai cika ba. Wannan duk da cewa bayan hutun rabin lokaci an buga fenariti biyu, an ba da jan kati, an kuma tsaya duba hoton bidiyo, abubuwan da kowane mai kallo ya san suna jawo ƙarin lokaci. Kocin Tunisiya, Mondher Kebaier, ya faɗa fili yana nuna agogon hannunsa. Da aka ce a dawo a ƙarasa, 'yan Mali suka fito, 'yan Tunisiya suka ƙi, hukumar ƙwallon Afirka ta bar sakamakon a ci 1 da nema. Da yammacin ranar, a filin nan dai, aka sa wa 'yan wasan Muritaniya tsohon taken ƙasarsu, ba sau ɗaya ba, suna tsaye suna kallon juna.

Ba a gama da wannan ba sai ga tsibiran Komoros. Zuwansu gasar na farko ke nan, suka doke Ghana da ci 3 da 2 suka tsallake zagayen rukuni. Rauni da cutar korona suka raba su da masu tsaron gidansu gaba ɗaya, dole ɗan baya Chaker Alhadhur ya tsaya a raga ranar 24 ga wata a gaban Kamaru mai masaukin baƙi, da lambar da aka liƙa masa a bayan riga. An kori kyaftin ɗinsu tun farkon wasa, amma da ƙyar Kamaru ta ci su 2 da 1. A can Ostareliya kuwa, gwanin wasan tanis Novak Djokovic ya kwashe kwanaki tsakanin masaukin tsare baƙin haure da kotu a kan batun allurar rigakafi, har aka fitar da shi daga ƙasar ranar 16 ga wata bai buga ko wasa ɗaya ba.

A ranar ƙarshe ta wannan watan, ana dab da rufe kasuwar musayar 'yan wasa, ƙungiyar Brentford ta Ingila ta sanar da ɗaukar Christian Eriksen ɗan ƙasar Danmak kan kwantiragin wata shida. Kafafen labarai da dama suka jera shi cikin sahun abubuwan mamaki: mutumin da zuciyarsa ta tsaya a gaban idon duniya ya dawo taka leda. Wannan jarida na ganin ba nan ne muhallinsa ba, kuma wasu daga cikin labaran da aka yi wa dariya ma ba na dariya ba ne. Sikazwe, wanda ya busa wasan ƙarshe na gasar Afirka a 2017 ya kuma yi alƙalanci a gasar cin kofin duniya ta 2018, ba sabon shiga ba ne da zai manta yadda ake duba agogo. An fara wasan ne da ƙarfe 2 na rana a gari mai zafi da gumi a bakin teku, kuma bayan an tashi asibiti aka kai shi saboda bugun zafi da ƙarancin ruwa a jiki. Sannan a daren da ake ta raha da ɗan bayan Komoros cikin safar hannu, mutum 8 ne suka rasu a turmutsitsi a ƙofar filin Olembe da ke Yawunde. Labarin ban dariya yana da saurin tafiya, dalilinsa kuwa sai a biyo shi da kwanaki, lokacin da masu dariyar sun wuce wani zancen.

Abin da ya sami Eriksen ya faru ne ranar 12 ga Yunin 2021 a filin Parken da ke Kofenhagen, a wasan Danmak da Finlan na gasar cin kofin Turai. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, ba wanda ya taɓa shi, ya yanke jiki ya faɗi. Shekararsa 29 a lokacin, yana Inter Milan, kuma ya sha wuce gwajin lafiya a Ajax da Tottenham da Inter ɗin kanta. Alƙalin wasa Anthony Taylor bai ɓata lokaci ba ya yafito likitoci. Kyaftin Simon Kjaer na cikin waɗanda suka fara isa, 'yan wasa suka yi masa da'ira suka kare shi daga kyamara. Likitan tawagar, Morten Boesen, da abokan aikinsa suka shiga danna ƙirji, aka ɗora na'urar farfaɗo da zuciya, bugu ɗaya na lantarki zuciyar ta dawo aiki. Babban asibitin birnin yana kusa da filin ƙwarai. Cikin 'yan kwanaki aka dasa masa wata ƙaramar na'ura a ƙirji, aka sallame shi.

Akwai buƙatar bambance abubuwa biyu da jama'a kan haɗa. Toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini daban, tsayawar zuciya farat ɗaya daban. Na biyun matsala ce ta lantarkin da ke tsara bugun zuciya. Bugun kan rikice, naman zuciyar ya koma karkarwa maimakon matsa jini, sai mutum ya faɗi babu numfashi na ƙwarai. Danna ƙirji da hannu biyu, sau 100 zuwa 120 a minti, yana tura ɗan jini zuwa ƙwaƙwalwa ne kawai don a sami lokaci. Abin da ke mayar da bugun kan tsarinsa shi ne bugun lantarki na na'urar. Masana lafiyar zuciya na ƙiyasta cewa damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowane minti da ya wuce ba a yi wannan ba, ƙwaƙwalwa kuma kan fara lalacewa bayan 'yan mintoci ba jini. Ma'ana, wanda ya faɗi a fili a filin ake ceto shi. Garzayawa da shi asibiti ba tare da an fara komai ba, ko yi masa fifita da riga, ko zuba masa ruwa, duk ɓarnar mintocin da ba su dawowa ne. Ita kuwa na'urar da aka dasa wa Eriksen ƙanwar waccan ce: tana zaune a jiki tana lura da bugun, in ya rikice ta gyara shi nan take.

Wannan na'urar ce ta raba shi da Italiya. Ƙa'idojin lafiyar wasanni na ƙasar ba sa barin mai ɗauke da ita ya buga gasa, don haka a Disambar 2021 shi da Inter suka raba gari cikin mutunci. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin rashin tausayi ba. Tun 1982 Italiya ta wajabta gwajin zuciya ga duk mai shiga gasa, kuma binciken da aka yi a yankin Veneto ya nuna mutuwar farat ɗaya tsakanin matasan 'yan wasa ta ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekarun da suka biyo baya. Ingila da Holan sun bi wata hanyar, wadda ke duba kowane ɗan wasa da halin da yake ciki, a bar shi ya yanke shawara da likitocinsa. Daley Blind ya ci gaba da buga wa Ajax da irin wannan na'ura tun bayan da aka dasa masa a ƙarshen 2019. Ana iya jayayya a kan wace hanya ta fi, amma dukkansu hanyoyi ne na ƙasashen da suka zauna suka yi tunani a kan lamarin.

Sabon babin da Eriksen ya buɗe a 2022 ma aiki ne, ba faɗowa daga sama ba. Ya yi atisaye shi kaɗai a filin tsohuwar ƙungiyarsa ta yarinta a Odense, sannan da matasan Ajax. Kocin Brentford, Thomas Frank, ɗan ƙasarsu ne da ya horar da shi a tawagar matasa, ya san wanda yake ɗauka. Ranar 26 ga Fabrairu ya shigo wasan Newcastle daga benci. Bayan wata guda ya koma tawagar ƙasa, ya ci Holan minti biyu da shigarsa, kwana uku bayan haka ya ci Sabiya a filin da ya faɗi. Brentford, wadda shekararta ta farko ke nan a gasar Firimiya, ta ƙare a matsayi na 13. Daga nan Manchester United ta ɗauke shi, ya je gasar cin kofin duniya a Katar, ya kuma ci Sulobeniya a gasar Turai ta 2024.

Masu kallon ƙwallo a Najeriya ba baƙi ba ne ga wannan batu, sun ga fuskokinsa biyu. Nwankwo Kanu ya dawo daga gasar Olympics ta Atlanta da lambar zinare a 1996, ya koma Inter Milan, gwajin likitocin ƙungiyar ya gano matsala a ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarsa. Aka yi masa tiyata a Cleveland ta Amurka a ƙarshen shekarar. A farkon 1999 ya koma Arsenal, a shekarar nan ya sake zama gwarzon ɗan wasan Afirka, daga baya ya kafa gidauniyar da ke ɗaukar nauyin tiyatar zuciya ga yara. Ɗaya fuskar ita ce ta Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989 a wasan Najeriya da Angola, bai tashi ba. Kamaru ta rasa Marc-Vivien Foé a birnin Lyon a Yunin 2003, mutuwar da ta sa FIFA ta ƙara matsawa a kan gwajin lafiya kafin manyan gasanninta. Na kusa-kusa shi ne Chineme Martins na Nasarawa United, wanda ya faɗi a Lafiya ranar 8 ga Maris 2020 a wasa da Katsina United. Rahotannin ranar sun ce motar ɗaukar marasa lafiya da ke filin ta ƙi tashi. Wata 15 kacal ke tsakanin faɗuwarsa da ta Eriksen.

Ba mai musun cewa rai da ajali a hannun Allah suke, kuma ba kowane wanda aka ɗora wa na'ura ke tashi ba. Amma riƙo da sababi wajibi ne, kuma ambaton ƙaddara ba ya wanke wanda aka ɗora wa alhakin tanadi bai yi ba. Illar kiran labarin Eriksen abin al'ajabi ita ce, al'ajabi ba a koyi da shi, ba a sa shi a kasafin kuɗi, ba a kuma tuhumar kowa idan bai faru ba. Abin da ya auku a Kofenhagen kuwa jerin matakai ne da aka tsara aka maimaita a horo: wa zai fara isa, wa zai danna ƙirji, wa zai ɗauko na'ura, ta wace ƙofa mota za ta fita.

Mafi yawan waɗannan matakai ba su fi ƙarfin ƙungiyoyin gasar Najeriya ba, balle gwamnatocin jihohin da suka mallaki yawancinsu. Na'urar farfaɗo da zuciya ta hannu an ƙera ta ne don wanda ba likita ba: tana magana, tana faɗin inda za a liƙa manne, tana duba bugun da kanta, ba ta sakin lantarki sai ya dace. Koyon danna ƙirji aikin yini guda ne. Alƙalan wasa da masu horarwa da kyaftin-kyaftin su ne suka fi kusa da wanda ya faɗi, su ya kamata a fara koya wa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ɗan wasan da ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, kuma ba ya amsawa, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar da akasin haka. Wannan ya shafi gasar unguwanni da ta makarantu da ake bugawa a tsakar rana a watannin zafi, inda galibi ko akwatin agajin gaggawa babu, kuma can ne matasa suka fi yawa.

A matakin ƙwararru, gwajin zuciya kafin fara kaka ya kamata ya zama na gaske, da takardar sakamakon awo da likita ya duba ya sa hannu, ba tambarin da ake bugawa a fom ba. Lokacin fara wasa da hutun shan ruwa su bi yanayin garin da ake bugawa, ba son ran masu watsa shiri ba, domin alƙali ma yana gudu kamar kowa. Sauran nauyin yana kan kwamishinan wasa, wanda ke da ikon hana a take leda. Kafin ya ba da izini, ya ga likita da idonsa, a tayar da motar asibiti a gabansa, a kunna na'urar a duba batirinta, a kuma karanta ranar ƙarewar wa'adin mannen da ake liƙawa a ƙirji, domin shi ma yana bushewa ya daina aiki idan ya daɗe a ajiye.