Wa ya gina randar gidanku?

Daga Dogon Dutsi har Tsibiri, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da randa a inuwa ba. In bazara ta yi tsanani, ruwan jarka yakan yi ɗumi, na randa kuwa sanyi ƙalau. Dalili shi ne ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin.

To yara, wa ya gina randar gidanku? Yawancinmu ba mu sani ba. A ganina wannan kuskure ne.

Ku ji yadda ake yi a wata ƙasa. A Ingila, zamanin Sarauniya Biktoriya, masana'antar Minton ta fito da kwanoni da tuluna na yumɓu masu launi da ƙyalli, ana ce musu majolika. An nuna su a babban baje kolin birnin Landan a 1851. Ana buga sunan masana'antar a gindinsu. Yau masu tara kayan da sukan juya kwano su duba wannan suna kafin su biya kuɗi mai yawa. Amma ma'aikatan da suka shafa launin, ba wanda ke tuna yawancinsu, alhali dalmar da ke cikin ƙyallin ta sa wa da dama ciwo.

A Nijeriya kuwa an yi wata maginiya, Ladi Kwali. Tun tana ƙarama ta koyi gini da hannu a ƙauyensu. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu. Tana sa alamar sunanta a kan aikinta. Ta rasu a 1984, amma hotonta yana bayan takardar naira 20.

Maginanmu ba su fi ta ƙarancin wahala ba. Su haƙo yumɓu, su jiƙa, su cuɗa, su gina, su shanya, su gasa. In wuta ta yi gardama, aikin kwanaki ya fashe. Duk da haka a kasuwa sai mu yi ta ciniki a kan dala guda.

Wani zai ce roba ta fi sauƙin ɗauka, kuma ba ta saurin fashewa. Gaskiya ne. Amma roba ba ta sanyaya ruwa, kuma kuɗinta waje yake tafiya. Kuɗin randa kuwa a garinmu yake zama. In ba mai saye, ɗiyar maginiya ba za ta koya ba, sana'ar ta bi tsofaffi kabari.

Saboda haka, in kun koma gida, ku tambayi inna inda ta sayi randarta. Ranar kasuwa ku je ku gai da mai ginin, ku tambayi sunanta da na wadda ta koya mata. Ku rubuta a littafinku, ku kawo aji mu karanta tare.