Wa Ya Saci Na Wa? Raddi Ga Masu Raina Wasan Shiga Rigar Tauraro

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu manazarta adabi, wai wasannin shiga rigar tauraro ɓarayin ƙagaggun labaran al'ajabi ne, kuma duk littafin da ya tsiro daga cikinsu bai cancanci a kira shi adabi ba. Wannan hukunci ne na alƙalin da bai saurari shaidu ba.

Ga yadda wasan yake. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, ɗaya ya zama mai jan labari, saura kowa ya ɗauki tauraro guda, wannan mayaƙi, wancan boka. Mai jan labari ya bayyana halin da suke ciki, su faɗi abin da za su aikata, sai a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta ludo ta yanke ko sun dace. Mafi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

Babu mai musun cewa wasan ya yi aro. A 1977 kamfanin da ke riƙe da haƙƙin sarrafa ayyukan J.R.R. Tolkien ya yi barazanar zuwa kotu, dole aka sauya wa wasu halittun wasan suna. Dokar nan ta cewa boka yakan mance surkullensa da zarar ya karanta shi, daga littafin Jack Vance ne, The Dying Earth, na 1950. Amma a 1979 Gygax da kansa ya jera sunayen marubutan da suka yi masa tasiri a ƙarshen littafin jagoran wasan. Yaushe aka taɓa ganin ɓarawo ya rubuta gidajen da ya shiga ya liƙa a kasuwa?

To, shi wanda aka ce an yi wa satar fa? Sunan Gandalf da na yawancin wadannin da ke cikin The Hobbit na 1937, daga wata tsohuwar waƙar mutanen Aisilan Tolkien ya ɗebo su. Satar kofi daga taskar dodo kuwa tana cikin Beowulf tun ɗaruruwan shekaru. Mu ma nan, wa ya rage wa Abubakar Imam daraja don ya sarrafa labaran Larabawa da na Turawa a Magana Jari Ce? Laifi tudu ne, in ji Bahaushe.

Abin da masu sukar suka kau da kai a kansa shi ne bashin ya dawo. Duniyar da Raymond Feist ya gina Magician na 1982 a kanta, filin wasan abokansa ne a jami'a. A Japan, Record of Lodoss War ya faro ne a 1986 a matsayin rahoton zaman wasa a mujalla, kafin Ryo Mizuno ya mayar da shi littafi. Steven Erikson na Kanada da abokinsa Ian Esslemont sun fara buga duniyar Malazan a tebur, daga baya Erikson ya rubuta littattafai goma a kanta tsakanin 1999 da 2011.

Gaskiya ne akwai ragwaye cikin marubutan wannan layi, masu ƙirga tsafi kamar canjin kuɗi. Zoben Tolkien masifa ne da tauraro ke wahalar kai shi inda za a hallaka shi, alhali a wasa duk abin tsafi ganima ce ta sawa a jaka. Marubucin da ya kwaso dokar wasa ya bar nauyin jigo, zanen aro ya ɗaura, ba zai rufe masa katara ba. Sai dai wannan laifin alƙalaminsa ne, kuma ko a fagen waƙa akwai ragwaye.

Saboda haka, ɗalibai, kada ku karɓi hukuncin da aka yanke kafin a karanta. Ku tambayi kowane littafi me ya aro, me ya sauya, me ya rasa a hanya. Wanda ya ce mahaifar labari ce ke yanke masa daraja, sai ya fara korar tatsuniya daga aji, domin ita ma a dandali aka haife ta.