Lissafin Sulusin Dare Da Sallar Lisha

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, in kaka ta yi, kasuwar hatsi ta Dawanau da ke kan hanyar Katsina takan cika maƙil. Ana lodin gero da wake da riɗi har dare ya raba, mutum ya yi ta jinkirta Lisha yana cewa da sauran lokaci. To, a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mukhtarin Lisha yana ƙarewa ne da sulusin dare na farko. Wanda ya kai ta lokacin larura ba da uzuri ba, sallarsa ta yi, amma yana da zunubi. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su san lissafin.

Dare a shari'a daga faɗuwar rana yake zuwa ketowar alfijir. A ce rana ta faɗi ƙarfe 6:30, alfijir kuma 5:15. Daga 6:30 zuwa 12:00 na dare awa 5 ne da minti 30. Daga nan zuwa alfijir awa 5 da minti 15. Jimla awa 10 da minti 45, watau minti 645. In an raba uku, kowane kashi minti 215 ne, watau awa 3 da minti 35. Ashe ke nan mukhtarin Lisha ya fita da ƙarfe 10:05. Sulusin ƙarshe kuwa, lokacin tahajjud da amsar addu'a, zai shiga ƙarfe 1:40.

Muna jan kunne kan abu biyu. Na farko, awa minti 60 ce, ba kamar naira mai kwabo 100 da muka saba da ita tun 1973 ba. Wanda ya ɗauki minti 215 a matsayin awa 2 da minti 15 ya yi kuskuren awa 1 da minti 20. Na biyu, daren hunturu ya fi na damina tsawo, don haka a riƙa sabunta lissafi da jadawalin garinku.

Wanda bai yarda a tauye masa mudu ba, kada ya tauye sallarsa. Allah Ya sa mu dace, amin.