Minti Goma Sha Biyar a Kowace Safiya

'Yan uwana malamai, a duk shekara idan zango na uku ya kama, makarantunmu kan shiga wani irin hali. Sai a tsare 'yan aji shida har bayan azahar, a tara tsofaffin takardun jarrabawa, a yi ta ɗura musu amsoshi domin su haye zuwa ƙaramar sakandare. Iyaye su biya kuɗin lesin, malamai su sha rana, yara su galabaita. Ra'ayina shi ne wannan wahala ba ta biyan bukata, domin abin da aka bari ya kuɓuce cikin shekara biyar ba ya dawowa cikin mako goma. Yaron da ya kai aji shida yana tuntuɓe a kan haɗa baƙi da wasali zai iya haddace amsa, amma ba zai iya karanta tambayar da aka sauya wa fasali ba.

Karatu sabo ne, kuma sabo a hankali yake shiga jiki. Mai koyo yakan fara da harafi, ya koma gaɓa, sannan kalma. Muddin hankalinsa na kan tantance haruffa, ba shi da sararin fahimtar ma'ana. Kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Maimaici na yau da gobe ne ke sa ido ya riƙa gane kalma nan take, hankali ya samu damar bin zance. Daga nan ne lissafi da kimiyya da sauran darussa ke buɗewa, tunda dukkansu a rubuce suke zuwa.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makarantar allo ta daɗe a kan wannan tsari: a rubuta kaɗan, a biya, a maimaita da asuba da dare, sai ya zauna sannan a wanke allo. Da haka ake sauke izu 60, ba da zaman dare ɗaya ba. Shirye-shiryen zamani ma, irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, sun ɗora koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa a kan darasi mai tsari da ake maimaitawa a kai a kai.

Shawarata ga reshenmu ita ce kowane aji, daga ɗaya zuwa shida, ya ware minti 15 bayan kiran rajista domin karatu da murya. Mu yi lissafi. Minti 15 sau kwana biyar ya zama minti 75 a mako. Idan muka samu mako 36 na karatu a shekara, an tashi da awa 45. A shekara shida kuwa awa 270 ke nan, ba tare da an karɓi ko kwabo daga hannun uba ba. Wane lesin ne zai ba yaro wannan?

Na san abin da wasunmu za su ce, kuma suna da gaskiya. Akwai ajin da yara suka yi wa malami ɗaya yawa, wasu a ƙasa suke zaune, littattafai ba su isa ba, albashi kuma yakan yi jinkiri. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta yi alkawarin ilimi kyauta kuma dole ga kowane yaro, kuma wajibin ƙungiyarmu ne ta ci gaba da neman a cika shi, da littattafai da kujeru da ƙarin malamai. Sai dai yaron da ke aji biyu bana ba zai tsaya yana jiran a gama tattaunawa ba. Shekararsa tafiya take yi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inda babu littafi, akwai allo da alli. Malami ya rubuta jimla biyar kafin yara su shigo, ya karanta, su bi shi, sannan su karanta bibbiyu, mai ƙarfi da mai rauni. Kullum a saurari yara biyar su kaɗai, a sa alama a gefen sunayensu. Aji mai yara 80 zai zagayo cikin kwana 16. Manyan azuzuwa kuwa kwafi ɗaya na Magana Jari Ce ya isa a riƙa karɓa-karɓa, domin tun asali saboda 'yan makaranta Abubakar Imam ya rubuta shi. Sharaɗin kawai shi ne kada a taɓa wannan lokaci. Kada a mayar da shi na shara, ko karɓar kuɗi, ko taron malamai. Ranar da aka ɗage shi sau ɗaya saboda uzuri, an buɗe ƙofar ɗage shi sau goma.

Ku kuma iyaye mata da maza da wannan mujalla ke isa gidajenku, rabonku ba shi da nauyi. Bayan magariba a kira yaro ya karanta abin da ya kwafo. Ko uwa ba ta yi boko ba, kunnenta zai gane inda ya yi santsi da inda ya cije, shi kuma zai san cewa akwai mai jiran karatunsa.

Ina roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, a nemi amincewar hedimastoci da sakataren ilimi, a fara daga makon farko na sabon zango. A ƙarshen shekara kowace makaranta ta kawo adadin 'yan aji uku da ke iya karanta sakin layi ba tare da taimako ba. Da wannan adadi za mu auna kanmu, da shi kuma za mu tsaya gaban hukuma idan mun je neman haƙƙinmu.

Allah ya ba mu ikon ɗorewa.