Wanda Ya Sayar Maka Da Fuli Marar Roba Ba Shi Zai Saya Maka Inji Ba

Wannan makon masu son gudu da mota zan taɓo, kuma na san wasu za su ji haushi.

Akwai wani ƙarfe da masu ƙera kayan ƙara wa mota gudu a Amurka da Ingila da Japan suka daɗe suna talla, yanzu kuma bidiyoyinsa sun fara yawo a wayoyin samarinmu. Fuli ne na gaban inji, wanda fambel ke hawa, an sassaƙo shi daga dunƙulen alminiyom, an rina shi ja ko shuɗi, sai ƙyalli yake. Za a ɗora na asali a sikeli a nuna maka kilo uku, a ɗora sabon a nuna maka ko kilo ɗaya bai kai ba. Daga nan a tayar da mota tana tsaye, a taka totur, allura ta yi tsalle, a ce to ka gani, ƙarfin da kamfani ya danne maka ne muka ƙwato. Ni kuwa cewa nake wannan cinikin cuta ne, idan kuma injin mai sufacaja ne, cutar ta ninka.

Abin da suke sa ka cire ba fuli ba ne kawai. Wanda ya taɓa ɗaga karanshaf da hannunsa zai rantse babu abin da zai iya murɗe wannan ƙarfe, amma yana murɗuwa. Duk lokacin da mai ya kama wuta a silinda, fiston yana naushinsa a wuri guda, alhali can baya fulawil da giya da tayoyi da nauyin motar duka suna riƙe da shi. Sai ya ɗan murɗe kamar wanki a hannun mai matsewa, ya warware, ya zarce, ya dawo. Murɗawar ƙarama ce, ido ba ya ganinta. Yawanta ne abin tsoro. Inji mai silinda huɗu naushi biyu yake yi a kowane juyi, wato idan yana juyi 3000 a minti, naushi 100 ke nan a cikin daƙiƙa ɗaya. Mai silinda takwas a juyi 6000, naushi 400.

Kowane karanshaf kuma yana da saurin kaɗawar da jikinsa ya fi karɓa, gwargwadon tsayinsa da kaurinsa da nauyin da ke rataye da shi. Ku tuna mai tura yaro a lilo. Ba ƙarfi yake sakawa ba, lokaci yake daidaitawa, kuma da turi kaɗan-kaɗan sai ka ga yaro yana neman taɓo reshe. Idan naushin fiston ya faɗo daidai da kaɗawar karanshaf, haka murɗawar ke hawa kan murɗawa. Wannan yana faruwa a wasu takamaiman juyi, waɗanda inji ke ratsawa kullum idan ana tuƙi.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne wannan fuli mai nauyi da ake yi wa dariya a bidiyo. Gida uku ne: cibiya da aka ɗaure a hancin karanshaf, zoben ƙarfe mai nauyi a waje, da roba a tsakaninsu. Idan hancin ya fizga, zoben waje saboda nauyinsa ba ya bin sa nan take, sai robar ta ja, ta saki, ta mayar da fizgar ta zama zafi ya bi iska. Nauyin zoben da taurin robar auna su aka yi don wannan injin musamman. Shi ake kira dampa. Sabon fulin mai ƙyalli ba shi da roba, ba shi da zobe. Dunƙule ne.

Kuma ba jiya aka san wannan ba. Tun kafin yaƙin duniya na farko injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya yi rajistar na'urar kashe irin wannan girgiza, a zamanin da injuna masu silinda shida ke karya karanshaf masu su na ta mamaki. A watan Mayu na 1929 jirgin balan-balan na Jamus, Graf Zeppelin, ya tashi zuwa Amurka da injuna biyar, huɗu suka mutu a hanya, da ƙyar aka lallaɓa shi ya sauka a kudancin Faransa kusa da Tulon. Da aka bincika, girgizar murɗa ce ta yi ɓarnar, bayan an sauya mahaɗin da ke tsakanin inji da farfela. Waɗannan ƙwararrun Jamusawa ne suka taɓa abu ɗaya suka kusa rasa jirgi. Amma mai shago a intanet yana gaya maka ka jefar da naka a bola, ba komai.

To a ce ma babu haɗari, me za ka samu? Nan ne abin ya fi ba ni haushi, domin lissafin ɗan aji ɗaya a kwalejin kimiyya da fasaha ne. Rage nauyin abin da ke juyawa ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko ƙwayar zarra. Man da aka ƙona bai ƙaru ba, iskar da aka shaƙa ba ta ƙaru ba. Abin da ya ragu kawai shi ne ƙarfin da ake kashewa wajen hanzarta fulin kansa. Mu ɗauka an zare kilo biyu da rabi daga zoben da ke nesa da tsakiya da santimita bakwai, kana cikin giya ta uku, inji ya hau daga juyi 3000 zuwa 6000 a daƙiƙa shida. Ka buga lissafin, abin da ka tsira da shi bai kai rabin ƙarfin doki ɗaya ba. A motar da ke da dawaki 170. A giya ta ɗaya zai ɗan haura doki guda, sai kuma ya ɓace. Idan kana kan titi da gudu ɗaya ba hawa ba sauka, ribar sifili ce cur. Shi ya sa a bidiyo kullum motar tana tsaye ake taka totur, domin a nan ne kaɗai inji ba ya jan komai sai kansa, a nan ne allura za ta yi rawar da ake so ka gani.

Wani zai ce shi ya ga takardar gwaji, ƙarfi ya ƙaru da gaske. Na yarda ya gani. Ya koma ya duba faɗin fulin. A motar da ba ta da sufacaja, sukan ƙera shi ƙarami fiye da na asali domin ya rage gudun altaneta da famfon ruwa da na'urar sanyi, ƙarfin da aka hana su shi ake nuna maka a matsayin riba, sai ka tsaya a cunkoso ka ga fitila tana lumshewa. A mai sufacaja kuwa ƙara masa faɗi suke yi, domin ita sufacaja famfon iska ce da fambel ke juyawa daga wannan fulin, idan ya ƙara faɗi ta ƙara gudu, ta ƙara cusa iska. Wannan riba ce ta gaske. Amma ta faɗi ce, ba ta rashin nauyi ba. Abu biyu aka haɗa maka a kwali ɗaya, mai amfani da mai cutarwa, aka rubuta sunan mai cutarwar a jikin kwalin.

Ku dubi Mini Cooper S da aka ƙera daga 2002 zuwa 2006, inji lita 1.6 da sufacajar Eaton, wadda matasan Ingila da Amurka suka mayar abin gwaji. Gyaran da kowa a cikinsu ya sani yana aiki shi ne rage fulin da ke jikin sufacajar da kashi 15 ko 17 cikin ɗari. Ba a taɓa dampa ba, ƙarfi ya ƙaru. Dampar asali ta wannan mota takan mutu idan ta tsufa, masu ita sun sani, kuma a nan ne hanya ke rabuwa: wasu su sayi wata dampar da ta fi ta inganci, har da mai ɗan ƙarin faɗi idan suna so, wasu su sayi dunƙule domin ya fi araha kuma ya fi kyau a hoto.

Dalilin da ya sa na ce cutar tana ninkuwa a mai sufacaja shi ne, iskar da ake cusawa tana sa kowane naushi ya fi na da nauyi, wato ainihin abin da ke murɗa karanshaf ka ƙara. Sannan hancin da dampa ke zaune a kai shi ne kuma ke ɗauke da jan fambel ɗin sufacaja. Dodge Hellcat da ta fito a 2015 da dawaki 707, sufacajarta kaɗai tana cin dawaki wajen 80 kafin ta juya a cikakken gudu, kuma duk ta wannan hancin suke bi. Wannan fa ƙarfin wata ƙaramar mota ne sukutum, rataye a kan ƙarfen da tafin hannunka zai rufe. Ita sufacajar tana juyi fiye da ninki biyu na inji, ba ta son a fizge ta, ba ta son a tsayar da ita. Idan hancin yana fizga sau ɗaruruwa a daƙiƙa babu robar da za ta shanye, fambel ne zai zama igiyar ja-in-ja a tsakaninsu. Ya riƙa zamewa yana kuka, abin ɗaure shi yana tsalle, mahaɗin da ke bakin sufacajar yana cinyewa. A injuna da yawa famfon baƙin mai ma a kan wannan hancin yake, haƙoransa kuma ba a yi su don duka ba. Ranar da suka fashe, mai ya daina zagayawa, kafin ka gama karanta jar fitilar da ta kama inji ya gama aiki. Ka ƙara wa jaki kaya, ka cire masa akumari, ka ce don ka rage masa nauyi ne.

Masu sayarwa suna da amsa a shirye. Za su ce ai injinka an daidaita nauyinsa daga ciki, ba ya buƙatar komai a waje. Wannan wasa da kalmomi ne, kuma mu da muke mu'amala da kalmomi bai kamata a yi mana shi ba. Daidaita nauyi daban, kashe murɗawa daban. Na farko shi ne kada wani ɓangare ya rinjayi wani har inji ya riƙa tsalle, kamar taya da ba a yi mata balans ba. Na biyu kuwa ko da an auna karanshaf da sikelin zinariya zai murɗe, tunda naushi ne ke murɗa shi. Amurkawa su suka jawo ruɗanin, domin ɗaya daga cikin sunayen da suke kiran dampa yana nufin mai daidaita nauyi, saboda a wasu tsofaffin injunansu masu silinda takwas tana yin aikin biyu. Mai talla ya rushe aiki ɗaya, ya yi shiru a kan ɗayan.

Amsa ta biyu ita ce ta mai cewa shekararsa biyu da sakawa, lafiya ƙalau. Ban ƙaryata shi ba. Ka ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, a karo na goma lafiyarta ƙalau, a na goma sha biyar ma haka, sai ta rabu biyu ba sallama. Haka ƙarfe ke gajiya, tsagar tana farawa a lungun da ido ba ya kaiwa. Kuma wanda injinsa ya mutu bayan shekara uku ba ya komawa shafin mai shago ya ba da labari, bakanike ya riga ya ce masa baƙin mai ne marar kyau, ko tsufa ne. Gaskiya ne akwai injunan da aka ƙera babu dampa, irin na tsohuwar Volkswagen Beetle, mai gajeren karanshaf da ɗan ƙarfi kaɗan. Gajeren karanshaf ya fi dogo jurewa, shi ya sa mai silinda shida a jere ya fi kowa shiga haɗari. Amma can masu ƙerawa ne suka auna suka ga ba a buƙata. Kamfanin mota kuwa da ke ƙirga kowane kwabo a kan motoci dubu ɗaruruwa, da dunƙulen ƙarfe zai wadatar, ba zai ɓata kuɗi yana haɗa gida uku da roba ba.

Su kansu masu tseren gaske, waɗanda ke zare kujeru da kafet don rage nauyi, ba sa zare dampa. Sauya ta suke yi da ta ATI mai zobban roba da ake iya sabuntawa, ko ta Fluidampr wadda zobenta ke iyo a cikin ruwan silikon mai kauri. Hukumar tseren gajeren zango ta Amurka, NHRA, har ƙa'ida ta sa a kan ingancin dampar da motar da ke cinye rubu'in mil a ƙasa da daƙiƙa 11 za ta ɗaura, don kada ta tarwatse ta raunata mutane.

A nan gida ba sai mun yi odar fuli mai launi ba, muna da namu salon. Marsandi ƙirar C180 da C200 da C230 masu rubutun Kompressor a baya sun cika titunan Kano da Kaduna da Abuja, kuma wannan rubutu sufacaja yake nufi. Yawancinsu sun haura shekara goma sha biyar, robar dampa ta sha zafin inji, ta sha namu zafin, ta sha baƙin man da ke yoyo a kanta. Idan ta saki, fuli ya fara rawa, akwai garejin da za a ce maka kawo a ɗana masa walda, ya zama guda, an huta. Wannan da dunƙulen alminiyom uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, sai dai wannan ko ƙyallin babu. Idan kuma aka ce a nemo na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, a duba robar da kyau kafin a biya, domin ta wata motar da ta yi shekara goma sha biyar ce ita ma.

Mai irin wannan mota ya sami alli ko farin fenti, inji a kashe, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga cibiyar fulin, ya ratsa robar, ya hau zoben waje. Ya yi tuƙinsa na mako guda ya dawo ya duba. Idan layin ya rabu biyu, zoben ya fara zamewa a kan robar, dampa sabuwa zai nema, kuma kada ya bar motar ta kwana a hannun mai walda.