Kafin A Ɗora Shi A Kan Sikeli

A gidaje da yawa na unguwanninmu, daga Barmare ta Maruwa har zuwa Hausare ta Garwa, idan mutum ya shiga zaure ya dubi lungun da ke bayan ƙyaure, zai tarar da wani abu a lulluɓe da tsohuwar tabarma. In ya ɗaga tabarmar sai ya ga babur. Tayoyi sun kwanta, sirdi ya tsage, kaji sun mai da shi wurin kwana. Wani Suzuki ne, wani Yamaha, wani Besfa, wani kuma Honda. Mai shi ko dai tsufa ya zaunar da shi, ko kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Kullum 'yan gwangwan suna wucewa ta ƙofar gida suna cigiyar tsohon ƙarfe, kuma ƙarshen yawancin waɗannan babura shi ne a ɗora su a kan sikeli, a biya magada kuɗin nauyinsu.

Ra'ayinmu shi ne wannan ciniki hasara ce, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani abu da muka gani da idonmu bayan sallar La'asar a wata Juma'a. Wani matashi maƙwabcinmu ya turo Honda CG125 ta mahaifinsa daga zaure, bayan damina biyu yana aiki a kanta da dare da ranakun hutu. Kusa da shi akwai wani dattijon makanike wanda ya daina zuwa gareji saboda ciwon gwiwa. Yaron ya buga kik sau uku, injin bai tashi ba. Dattijon ya ce, "Ɗana, kada ka yi fushi da ita. Buɗe famfon mai, ka ba ta lokaci ya sauka." Ya buɗe, ya jira, ya sake bugawa, sai ta kama. Wata tsohuwa daga cikin gida ta leƙo tana share hawaye, domin ta gane ƙarar da take ji kowace asuba shekaru da dama da suka wuce.

Kada mu tsaya a kan hawayen, domin ba su ne hujjarmu ba. Hujjarmu tana cikin abin da ya faru a zauren nan cikin damina biyu.

Mu fara da babur ɗin kansa. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a shekarar 1975, bayan injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake amfani da babura a can: ana yi musu lodi fiye da kima, ana barin baƙin mai har ya yi kauri, ba a zuwa wurin makanike sai abu ya tsaya cak. Saboda haka suka ƙera inji mai sauƙi, wanda sandunan ƙarfe ke tura bawul ɗinsa, mai matacin iska na soso da ake wankewa a mayar. Ma'ana, an yi shi ne don a riƙa buɗe shi ana gyarawa da kayan aiki kaɗan. Haka ma 'yar uwarsa Super Cub, wadda ta fito a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100 nata. Irin wannan inji littafi ne a buɗe. Yaron da ya warware shi ya mayar da hannunsa ya san abin da fistin yake yi, ya san dalilin da kafireta ke gauraya mai da iska, ya san inda wuta ke fitowa ta isa fulogi, ko buji kamar yadda muke cewa a wannan ɓangaren iyaka.

Wannan ilimi yana nema ya ƙare a cikinmu. Dattawan da suka koyi gyara a zamanin da kayan sawa suke da wuyar samu sun iya abubuwan da yaran gareji na yau ba su taɓa gani ba. Sun iya yanka gasket daga kwali mai kauri. Sun iya ɗaure wayoyin ƙafar babur ɗaya bayan ɗaya har ta miƙe ba ta rawa. Sun iya daidaita kwantak da takarda da kunne. Yau kuwa abin da ya lalace cire shi ake yi a jefar, a sa sabo. Ba laifin yaran ba ne, kasuwa ce ta koya musu haka. Amma ranar da dattijo na ƙarshe ya tafi, abin da ke cikin yatsunsa zai bi shi, tun da ba a rubuta shi a ko'ina ba. Tsohon babur shi ne kaɗai dalilin da zai sa matashi ya je ya durƙusa gaban irin wannan dattijo ya ce, "Baba, nuna mini." Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an je inda take.

Sannan akwai tarihin da waɗannan ƙarafa suke ɗauke da shi. Mu Hausawan arewacin Kamaru fatauci da sana'ar hannu suka kawo kakanninmu: goro, tufafi, fata, fawa, dukanci. Ba mu da yawa, Fillanci ne harshen kasuwa, Faransanci ne harshen ofis, kuma ba mu gina manyan ganuwa da za mu nuna wa jikokinmu ba. Abin da muke da shi na tarihi yana cikin kayan aikinmu. Babur ne ya gaji jaki a hanyar kasuwannin ƙauye. Shi ne ya ɗauki ɗinkakkun riguna zuwa Mokolo da Mora, shi ne ya bi hanyar Banki da Amcide, da ta Mubi, ya dawo da kaya. A garuruwan nan na arewa ne haya da babur ta kafu tun shekarun 1980, abin da muke kira kalando, kafin Duwala ta san nata a farkon shekarun 1990. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sabon babur na Japan ya fi ƙarfin talaka, sai gyara ya zama dole, makanikai suka ƙara gwanancewa. Daga baya baburan Sin masu araha suka cika kasuwa, na Indiya suka biyo baya, tsofaffin suka koma zaure. Duk wannan labari yana rubuce a jikin abin da muke sayarwa da kilo.

Mun san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce: a lokacin da buhun dawa yake tsada, wane mai hankali ne zai zuba kuɗi a kan babur ɗin da ya girme shi, alhali da kuɗin zai iya haɗawa ya sayi sabon Boxer ko TVS ya shiga haya? Gaskiya ne, wanda iyalinsa ke jiran cefane kada ya fara wannan aiki, kuma ba mu ga laifin magajin da ya sayar don biyan bashin mamaci ko kuɗin asibiti ba. Roƙonmu gare shi ɗaya ne: kafin ya kira mai sikeli, ya fara sanar da makanikan unguwa. Mai son gyarawa zai biya fiye da kuɗin nauyin ƙarfe, kuma ko babur ɗin ba zai tashi ba, tankinsa ko akwatin giyarsa za su tayar da wani. Amma a cikinmu akwai masu hali, waɗanda ke kashe abin da ya fi haka a kan waya da bikin kwana ɗaya. Da su muke magana.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki ma ba kuɗi ba ne, rashin ƙarasawa ne. Mun ga zauruka da yawa inda aka fara da zafi, aka wargaza babur cikin mako ɗaya, aka zuba kusoshi a gwangwanin madara, sannan shekara ta zagayo yara sun yi wasa da rabinsu. Babur ɗin da aka wargaza aka bari ya fi wanda ba a taɓa ba kusa da sikeli. Maƙwabcin namu ya tsira daga wannan ne saboda dattijon ya kafa masa tsari. Kowane sashe da aka cire sai an ɗauki hotonsa da waya, an sa kusoshinsa a leda an rubuta suna. An fara da inji, aka kai silinda wurin masu injin gyaran ƙarfe suka faɗaɗa raminta aka sa fistin mai ɗan girma. Aka bi da birki da wayoyin wuta. Fenti shi ne na ƙarshe. Yawancinmu da fenti muke farawa, domin shi ido ke gani, sai kuɗi su ƙare babur yana ƙyalli ba ya motsi. Ya yi wata huɗu yana jiran wani ƙaramin ƙarfe na kulochi da ya yi saƙonsa ta hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano. Da ya iso bai dace ba, sai da aka sake saƙo. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da ƙawata babur kuma, muna da matsayi. Matasa suna ganin hotunan Turai da Amurka inda ake yanke bayan babur, a cire murfin taya, a huda salansa don ƙara. Wannan bai dace da mu ba. Wanda ya cire murfin taya bai bi hanyar Bogo da damina ba, kuma mai huda salansa maƙwabtansa ne za su biya kuɗin adonsa da barcinsu. Ƙa'idar da muke ganin ta dace ita ce a canza fata a bar ƙashi. Kada a yanke ginshiƙin babur, kada a goge lambar da ke jikinsa, kuma duk abin asali da aka cire a adana shi, ko wani zai so mayarwa wata rana. Bayan wannan, ƙofar ado a buɗe take, kuma ba ma buƙatar aro. Maruwa gari ne na majema da dukawa da maƙera, har baƙi suna zuwa daga nesa don kayan cibiyar sana'o'in hannu da ke kusa da babbar kasuwa. Maƙwabcinmu ya kai sirdinsa wurin baduku, aka lulluɓe shi da jar fata da ɗinki irin na sirdin doki, maƙeri kuma ya yi masa mazaunin kaya a baya. Duk wanda ya ga babur ɗin ya san an ƙera shi a Japan, ya kuma san an gama shi a Maruwa.

Akwai abu ɗaya da ba a gama aiki sai da shi, wato takardu. Tun daga 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya sa hukuma ta taƙaita zirga-zirgar babura a jihar Arewa Mai Nisa, babur marar takarda ya zama abin zargi, kuma babu mai son a tsare shi a shinge saboda kayan gado. A nemo tsohuwar takardar mallaka a cikin akwatin mahaifi tun kafin a kwance kusa ta farko, a sasanta da sauran magada a gaban shaidu, a bi hanyar da doka ta tanada don mayar da suna, a yi inshora. A kuma sa sababbin tayoyi da birki mai kamawa, a sayi hular kwano. Taya mai shekara 30 ba kayan tarihi ba ce, ajali ce.

A garin Motegi na ƙasar Japan, kamfanin Honda yana da gidan ajiye tsofaffin baburansa, kuma yana da ma'aikatan da aikinsu shi ne kula da su don su riƙa tashi. Mu ba mu da irin wannan gida, ba kuma mu jira wani ya gina mana. Muna da zaure, muna da dattawan da suka iya, muna da samarin da ke neman abin da za su koya. Abin da ya rage shi ne a haɗa su kafin ɗaya daga ciki ya ɓace.

Saboda haka muna kira ga duk wanda ke da irin wannan babur a gida: ya ɗaga tabarmar a wannan mako, ya duba lambar jikinsa, ya nemi takardunsa, ya tambayi dattawan gida wane ne ya saye shi, a wace shekara, da kuɗin wace sana'a. Wanda ya fara gyara ya tsaya, ya tattara kusoshinsa ya koma. Wanda kuma ya san wani tsohon makanike da ke zaune a gida, ya kai masa yaro ɗaya. Masu hotunan baburan iyayensu su ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutu tare da labarinsu, mu ga nawa suka rage a Maruwa da Garwa da Ngaundare.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka hau su suka nemo mana abinci, Ya sa wa hannun masu gyara albarka.